Mafi ƙarancin albashi a Najeriya da Nijar: abin da doka ta ce da abin da ake yaɗawa

Magana biyu ke yawo a waya kwanan nan. Wasu na cewa ma'aikacin Nijar ya wuce na Najeriya a albashi, wasu kuma suna tsorata masu shaguna wai duk wanda bai biya yaronsa naira dubu 70 a wata ba za a ɗaure shi. Ta farkon akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ta biyun kuwa shaci-faɗi ce kawai.

Mu fara da lissafi. A 2011 Jonathan ya sa hannu kan naira 18,000, lokacin dala tana wajen naira 150, wato kusan dala 120 kenan. A Nijar kuma tun 2012 mafi ƙarancin albashinsu, wanda suke kira SMIG, yana sefa 30,047, kusan dala 60, rabin namu fa. Buhari ya kai namu 30,000 a 2019, Tinubu ya kai shi 70,000 a Yulin 2024 bayan ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun shiga yajin aiki. Su Nijar sama da shekara goma ba su taɓa nasu ba, sai daga baya ya koma 42,000, jaka 42 kamar yadda suke faɗi. To amma in ka canza dubu 70 ɗin a lokacin da aka sa hannu dala 45 ce ko kusa da haka, jaka 42 kuwa ta haura dala 65. Mu muka fi yawan ƙari, su suka shige gaba, dalili kuwa sefa ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya, ba ta motsi, ita kuwa naira bayan da aka sake ta a Yunin 2023 sai ta gangara sosai.

Sai dai kar wani ya ɗauka kowa a Yamai yana karɓar jaka 42, mafi yawan mutane can noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke, ba su da takardar ɗaukar aiki balle albashin wata. Nan ma haka ne.

Dokarmu ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hau kan gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi da kamfanoni. Ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na sa'o'i, da masu karɓar kamasho ko kuɗin jinga, da aikin gona na damina. Kenan mai shagon da ke da yara uku dokar ba ta ma san da shi ba, ya kwantar da hankalinsa. Ni dai wannan adadin na 25 bai min ba, domin ƙaramar makarantar kuɗi mai malamai 20 za ta iya biyan malama dubu 20 a wata kuma ba ta karya doka ba, alhali su ne suka fi buƙatar kariya.

Batun hukunci kuma, sashen da ya yi magana kan ƙin biya bai ambaci gidan yari ba. Sai kotu ta kama mutum da laifi tukuna, sannan ya biya tarar da ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari na albashin wata ba, ya biya duk bashin albashin da ma'aikaci ke bin sa, a ɗora masa ruwan da bai gaza na Babban Banki ba kan kowane watan da ya ci gaba da taurin kai. Ku lura da kalmar "ba ta wuce ba", alƙali na iya yanke ƙasa da haka. Tsakani da Allah wane gwamna ne wannan tarar za ta hana barci? Shi ya sa aka ga jihohin da suka yi shekaru ba su cika 30,000 ba kuma ba a yi musu komai ba.

Sannan dubu 70 ɗin ƙasan tsani ne, wanda ke sama da ita ƙarinsa sai an zauna an yi ciniki da ƙungiyar ƙwadago. Abu ɗaya da gyaran 2024 ya kyauta shi ne rage wa'adin sake duba albashin daga shekara 5 zuwa 3, wato 2027 ya kamata a koma teburi.