Tara faifan anime, fina-finai da littattafan manga a Accra: tambayoyin da ake yawan yi

Samarin Nima da Mamobi da suka fara sha'awar tara faifan anime (fina-finan zane na Japan) da manga (littattafan labari cikin zane na Japan) kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne, to ga amsoshin a wuri guda kowa ya huta.

Komai yana waya yanzu, me zan yi da faifai?

Abin da ke waya ba naka ba ne, haya kake yi. Yau fim yana kan Netflix, gobe yarjejeniyarsu ta ƙare sun cire shi, babu wanda zai yi maka sallama. 'Yan anime sun ɗanɗana wannan a watan Afrilun 2024 lokacin da aka rufe Funimation, dandalin kallon anime a intanet, aka mayar da mutane wani dandalin mai suna Crunchyroll, kwafin intanet da mutane suka mallaka a can bai biyo su ba, amma wanda yake da faifansa a kan kanta ko a jikinsa. Ga kuɗin data, ga netwok ɗin da sai ya ga an kai wurin da faɗa ya yi daɗi sannan ya tsaya yana juyi. Faifai dai wuta kawai yake nema.

Na sa faifan da aka kawo min daga waje, na'ura ta ƙi karɓa. Ya lalace ne?

Yawanci lafiyarsa ƙalau, matsalar yanki ce, kuma nan ne sababbin shiga suka fi asarar kuɗi. Kamfanoni sun raba duniya gida-gida. A DVD, Amurka da Kanada yanki na 1 ne, Turai da Japan na 2, mu nan Ghana da yawancin Afirka muna na 5 tare da Indiya da Rasha. Ka juya bayan kwalin za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a ciki, wannan lambar ita ce magana. Sa'ar da muka yi ita ce ƙananan na'urorin DVD na China da suka cika kasuwa da yawansu ba ruwansu da yanki, duk abin da ka ba su sai su karanta.

Blu-ray kuma nashi rabon daban, haruffa ne. A na Amurka da Japan, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, C na China da Indiya da Rasha. Kenan idan ɗan'uwanka zai zo daga Landan ko Hamburg to ka ce ya sayo maka na can, harafinmu ɗaya da su. Na Amurka sai ka bincika tukuna, wasu a buɗe suke wasu a kulle. Faifan 4K kuwa ba a sa masa wannan takunkumin ba.

To ai gara in sayo na Japan kai tsaye tunda can ne tushen anime?

A'a, sai dai in don ado. Na Japan tsada gare shi sosai, sau da yawa 'yan kashi kaɗan ne a faifai ɗaya, kuma yawancinsu babu fassarar Turanci a ƙasa, ka zauna kana kallon baki yana motsi. Bugun Ingila ya fi mana sauƙi ta kowace fuska.

Wace na'ura zan nema?

In kana da na'urar gem ta PlayStation, PS3 ko PS4, ai ka gama, suna karanta DVD da Blu-ray, PS5 mai ramin faifai har 4K. Amma su ma suna bin dokar yanki a fina-finai, ko da gem ɗin ko'ina suna karɓa. In kuma tsohuwar na'ura za ka saya cikin kayan da ake shigowa da su, dan Allah duba bayanta kafin ka soka a soket. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, in ba ka haɗa ta da taransifoma ba hayaƙi za ka gani. Kuma in ka samu mai kyau ka riƙe ta da kyau, Samsung sun daina fitar da sababbin na'urorin Blu-ray tun 2019.

Yaya zan gane orijina da jabu?

Juya faifan. Wanda aka buga a masana'anta cikinsa fari ne kamar azurfa, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi da rubutun IFPI. Wanda aka ƙona a kwamfuta cikinsa yana ɗaukar launin shunayya, shi kuma rini ne a ciki, zafi da rana suna cinye shi a hankali. Sai lissafi: DVD mai hawa ɗaya 4.7GB yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5GB. Duk wanda ya miƙo maka faifai ɗaya a Circle (shataletalen Kwame Nkrumah) ya ce fim ashirin ne a ciki, ko anime kashi ɗari, ka san an matse hoton har ya fita hayyacinsa. Ban ce kar ka saya ka kalla ba, mu duka da su muka tashi, amma kar ka biya kuɗin orijina, kuma kar ka lissafa shi cikin tarinka.

Manga fa, me ya sa nawa yake komawa ruwan ƙasa?

Takardar ce mai araha, haka take ko a ina, amma iskar Accra tana ƙara mata gudu. Muna bakin teku, laima ba ta ƙarewa, da damina littafi sai ya kumbura ya fara wari, fumfuna ta hau. Kar ka jingina kanta da bangon da yake tsatsafo, kar rana ta taga ta riƙa dukansu, ka jera su a tsaye ba tare da matsewa ba. 'Yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, daina zubar da su, jefa su cikin akwatin. Kuma komai ya hau sama, wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ba sai an ce masa kar ya ajiye kwali a ƙasa ba. Da hunturu kuma ƙura ce, faifai in zai sha shafa to da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Af, wanda ya ce an buga masa littafi a juye: daga dama ake karanta manga zuwa hagu, yadda muka saba a karatun allo.

Me ya fi cancanta in tara?

A nan ra'ayina ya bambanta da na yara. Shahararren anime ba zai ɓace ba, kamfanoninsa suna da kuɗi, za su sake bugawa. Abin da yake ɓacewa shi ne namu. Fina-finan Hausa na Kano da aka riƙa kawowa zango a kaset da faifan VCD guda biyu-biyu, da na Kumasi, da waɗanda aka riƙa rarrabawa daga dandalin Opera Square na Accra, da yawansu ba wanda zai sake fitar da su, wasu ma masu su ba su da kwafi mai kyau. Kamfanin Funai da ya rage yana ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo ya daina tun 2016, to wanda ke da kaset a ɗakin Hajiya ya nemi a juye masa a kwamfuta tun bai manne ba, ya kuma ajiye kaset ɗin da kwalinsa. Ku tuna fastocin fim da masu zanenmu suka riƙa yi da hannu a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990 don gidajen bidiyo, a lokacin ba wanda ya ɗauke su komai, yanzu a gidajen baje kolin zane na Turai da Amurka ake rataye su ana sayarwa da dala.

Nawa zan ware?

Abin da ba zai taɓa kuɗin cefane ba. In ta gidan waya za a aiko maka, ka sa kuɗin kwastan cikin lissafi tun kafin ka yi oda.