Biyetnam cikin tawagar 'yan yawon buɗe ido: amsar tambayoyin da kuke ta jefo min

Tun da na dawo mutane ke ta tambayata, wasu a waya wasu a majalisa, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, to bari in haɗa su wuri guda in amsa kowa ya huta. Tafiyar kwana 12 muka yi a bas ɗaya da ɗan jagora, muka faro daga Hanoi a arewa muka gangaro har birnin Ho Chi Minh a kudu, kuma ni kaɗai ne Musulmi a cikin tawagar.

Wai dole ne sai cikin tawaga, mutum ba zai iya zuwa shi kaɗai ba?

Zai iya mana, amma zai sha wuya. Ƙasar doguwa ce siririya kamar igiya, jirgin ƙasa daga Hanoi zuwa Ho Chi Minh kilomita 1,726 ne, fiye da awa 30 kana zaune, ga kuma yarensu da in ka ɗan karkata murya kalmar ta koma wani abu daban. Tawaga ta ɗauke maka maganar otal da mota da tikitin shiga wurare. Matsalarta dai lokacinka ba naka ba ne, ƙarfe 7 na safe an buga maka ƙofa, wurin da ka so ka daɗe a ce minti 40 kawai, sannan a je a ajiye ku awa guda a kantin tsaraba inda kowa ya san jagora na da ɗan la'adarsa.

To Malam, me ka ci? An ce komai nasu da alade.

Ba komai ba, amma da yawa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Bun cha da Obama ya ci a Hanoi a 2016 har duniya ta ɗauka, gasasshen naman alade ne. Com tam na kudu alade, cao lau na Hoi An alade, ɗan naɗin nan mai fatar shinkafa da ake kira goi cuon ma yawanci jatan lande ne da yankan alade a ciki. Ni na rubuta wa kamfanin tun kafin in biya kuɗi cewa ba na cin alade, suka ce ba damuwa. Rana ta biyu aka miƙo min banh mi, wato burodin nan dogo da suka gada daga Faransawa, na buɗe na ga wani abu ruwan toka an shafa a ciki, na tambayi jagora sai ya yi murmushi ya ce ai babu nama, hanta ce kawai aka niƙa. Hantar me? Ya ɗan yi shiru, ya karɓe burodin. Ba mugunta ba ce wallahi, shi a wajensa in ba ka ga tsoka ba to babu nama.

Daga ranar na koyi wayo. Kalmar da ta cece ni ita ce chay, abincin 'yan addinin Buddha ne da babu nama ko kaɗan, kuma gidajen cin abinci masu alamar com chay suna ko'ina domin mutane da yawa na ƙaurace wa nama ran 1 da ran 15 ga watansu. Sai kifi da kayan ruwa, mu 'yan Malikiyya ba mu da matsala da su. Cha ca na Hanoi, kifi da kurkum da ganye ana soya shi a ɗan kasko a gabanka kan tebur, shi ne abin da ya fi min daɗi a duk tafiyar. Ko a nan ma ka tambaya da wane mai aka soya, don wasu da kitsen alade suke yi.

Pho kuwa (ana furta shi kusan "fa") taliyar shinkafa ce cikin romon ƙashin sa da aka dafa awanni da citta da albasa da kirfa, ka matsa lemon tsami ka zuba barkono, da shi suke karyawa da sassafe kan 'yan kujerun roba a bakin titi. Ba alade a ciki amma yankan ba namu ba ne, saboda haka na haƙura har sai da muka isa Ho Chi Minh na sha nawa a layin Nguyen An Ninh kusa da kasuwar Ben Thanh, inda gidajen abincin halal suke a jere saboda baƙi 'yan Malesiya. Abin da za ka ji yana tashi a kowane girki kuma nuoc mam ne, ruwan kifi da gishiri da aka bari ya ruɓa watanni. Kar ka yatsine fuska, mu ma da daddawarmu.

Shayi fa, akwai?

Akwai amma mutanen kofi ne, bayan Brazil babu ƙasar da ta kai su noman kofi. Suna ɗiga shi a hankali ta wani ɗan matacin ƙarfe kan madarar gwangwani mai kauri sannan a zuba ƙanƙara. A Hanoi har da na ƙwai, gwaiduwa ake bugawa da madara ta yi kumfa a ɗora a sama, da na ji na ce Allah ya kiyaye, ƙarshe kofi biyu na sha. Abu ɗaya dai, a yankin kogin Mekong bayan an nuna muku yadda ake alewar kwakwa za a zagayo da wani abu a ƙaramin kofi kamar ruwa, giyar shinkafa ce, ka ce a'a tun daga nesa.

Inda za a yi sallah fa?

A Hanoi akwai masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc cikin tsohon gari, 'yan kasuwar Indiya ne suka gina shi tun ƙarshen ƙarni na 19. A Ho Chi Minh akwai babban masallaci a titin Dong Du, an gina shi a 1935. Musulmin ƙasar yawanci ƙabilar Cham ne, da yawansu a An Giang wajen Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya. Tsakanin biranen nan kuwa dardumarka da wayarka mai nuna alƙibla su ne masallacinka, ni kasaru da jam'i na yi ta yi. Ka gaya wa jagora maganar Juma'a tun ranar farko, ba ranar Alhamis da dare ba.

Maganar yaƙinsu da Amurka, suna yinta kuwa?

Sosai, sai dai su yaƙin Amurka suke ce masa. Kuma in ka saurari jagora da kyau za ka gane ba shi ne na farko ba, kafin shi Sin ta mulke su wajen shekara 1,000, sannan Faransa, wadda suka karya a Dien Bien Phu a 1954. A Hanoi za a kai ku dandalin Ba Dinh inda Ho Chi Minh, jagoransu da aka sa wa birnin kudu sunansa, ya ayyana 'yancin kai ran 2 ga Satumba 1945, gawarsa na nan a ajiye cikin gilashi, ana bin layi shiru ba magana ba hoto. A Hue ga fadar sarakunan gidan Nguyen da suka yi mulki daga 1802 zuwa 1945, har yanzu ana gyaran ɓarnar da yaƙin 1968 ya yi mata.

Wanda ya fi tsaya min a rai ramukan Cu Chi ne, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da mayaƙa suka haƙa da hannu, har da kicin da wurin jinya a ciki. Wani ma'aikaci ya share busasshen ganye da ƙafa sai ga murfin katako bai fi faɗin tire ba, ya zura jikinsa ya ɗaga hannu sama ya ja murfin, shi ke nan kamar ba a taɓa yin mutum a wajen ba. Na shiga wanda aka faɗaɗa domin baƙi, a tsugune, duhu ga zafi, ban yi nisa ba na fita a ƙofar farko ina haki. Da muka fito aka ba mu dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa wai abincin mayaƙan ke nan, Turawan tawaga na ta ɗaukar hoto, ni dariya ce ta kama ni, rogo da ƙuli fa. Gidan tarihin yaƙi na Ho Chi Minh kuwa ba wurin dariya ba ne, hotunan yaran da gubar Agent Orange, wadda Amurka ta fesa lokacin yaƙin, ta nakasa za su hana ka cin abincin rana. Kusa da shi ne fadar shugaban Biyetnam ta Kudu da tankokin yaƙin Arewa suka fasa ƙofarta ran 30 ga Afrilu 1975, ranar da yaƙin ya ƙare.

Wane abu ne mutum zai yi ya ji kunya?

Kar ka soka 'yan sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren tsinke da suke kunna wa mamata. Cire takalmi a ƙofar gida da wurin ibada, miƙa abu da hannu biyu. Suna da girmama na gaba irin namu, ba a kiran babba gatsau, sai an ce anh wato yaya namiji, chi yaya mace, em ƙane ko ƙanwa, shi ya sa in an tambaye ka shekarunka ba gulma ba ce, ana son a san yadda za a kira ka ne. Za a kalle ka, wasu ma su nemi hoto da kai musamman a ƙauye, ni ban ga raini a ciki ba.

Kuɗi da titi fa?

Kuɗinsu dong ne, dala ɗaya ta haura dong 25,000, da ka yi canji ka zama miloniya. Ka kula da takardar 20,000 da ta 500,000 don launinsu ya yi kama, da daddare sai ka miƙa babbar. Titi kuwa ka tuna Kano lokacin acaɓa sannan ka ninka, ba wanda zai tsaya maka, shiga kawai za ka yi kana tafiya a hankali ba gudu ba ja da baya, babura su riƙa kauce maka. Ranar farko bayan wata tsohuwa mai tallan ayaba na laɓe na ƙetare.

Wace tsaraba ka kawo?

Kofi, da hular nan tasu mai tsini kamar malfa, da riga da tela ya ɗinka min a Hoi An cikin kwana ɗaya. Sai gasasshen kashu da na saya a Ben Thanh da tsada bayan na yi ciniki har na gaji. Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen sarrafa kashu, kuma ɗanyen da yawa daga Afirka take sayowa, har da Najeriya. Da na miƙa wa kawuna leda ɗaya na ba shi wannan labari sai ya juya ta ya duba ya ce, to yanzu yazawar Kogi ka je ka biya kuɗin jirgi ka dawo mana da ita?