Sarrafa kyamara mai injin juyawa da linzamin ƙwallo

Linzamin ƙwallo, wanda masu sana'a ke kira tirakbol, linzamin kwamfuta ne da aka kifar: ƙwallon yana sama, yatsu ke mirgina shi, jikin na'urar kuwa yana nan daram. Idan aka haɗa shi da maikurokwanturola (ƙaramar kwamfuta mai sarrafa na'urori) irin Arduino Uno da injinan servo guda biyu (injinan da ke juyawa su tsaya a kusurwar da aka umarce su), ana iya juya kyamara hagu da dama, a ɗaga ta sama ko a sunkuyar da ita, ba tare da hannu ya taɓa ta ba.

Tirakbol ba ya sanin inda kyamara ta fuskanta. Abin da yake faɗa kawai shi ne nawa ƙwallon ya motsa tun saƙon da ya gabata. Saboda haka maikurokwanturola ce ke riƙe lissafi: ta ƙara sabon motsi a kan tsohon matsayi, ta tsayar da jimlar a iyakar da injin zai iya kaiwa, sannan ta aika umarni. In an manta da sa iyakar nan, injin zai yi ta tura kansa a ƙarshen zangonsa har haƙoran giya su lalace.

Mafi sauƙin haɗawa shi ne mai filogin PS/2, tsarin da IBM ta fito da shi a 1987. Waya huɗu ke aiki a filogin: fil na 1 bayanai, na 3 nagatif, na 4 bolt 5, na 5 agogo (siginar da ke daidaita lokacin tura bayanai). Ana kai wayar agogo fil na 2 ko na 3 na Uno, don su ne ke katse aikin shirin da ke gudana a Uno nan take idan sigina ta shigo. Bayan kunnawa tirakbol ba ya turo bayanan motsi har sai an aika masa lambar umarni 0xF4, ya amsa da 0xFA. Daga nan yana turo bayit uku-uku (kowane bayit bit takwas ne, kowane bit kuma 0 ne ko 1): na farko maɓallai da alamar ɓangaren da aka mirgina, na biyu motsin kwance, na uku motsin tsaye. Bit na 3 (ana ƙirga daga 0) a bayit na farko kullum 1 ne, kuma da shi ake gane an ɓace layi. Idan bayit ɗaya ya salwanta aka ci gaba da karatu a karkace, kyamara sai ta riƙa fizga ba dalili. Mai USB kuwa ba lalle adafta ta wadatar ba, sau da yawa sai an ƙara allon USB Host, mai ba Uno damar karanta na'urar USB.

Servo yana karɓar bugu sau 50 a daƙiƙa, kuma faɗin bugun ke nuna kusurwa: milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) 1.5 tsakiya, 1 da 2 ɓangarori biyu. Gara a yi lissafin da maikurosakan (kashi ɗaya cikin dubu na milisakan) maimakon digiri, domin tsallen digiri ɗaya yana fitowa ƙarara a hoto, balle an zuƙo nesa. Servo samfurin SG90 mai giyar roba ya ishi ƙaramar kyamarar kwamfuta. Mai nauyi tana son MG996R mai giyar ƙarfe, kuma a ɗaura ta yadda nauyinta zai zauna daidai kan sandar juyawa.

Yawancin matsala daga wuta take. MG996R na iya jan sama da amfiya 2 idan ya cije, abin da fil ɗin bolt 5 na Uno ba zai ɗauka ba. Allon Uno sai ya mutu ya sake tashi a tsakiyar aiki, lissafin matsayi ya goge. Maganinsa a ba injinan tasu wutar daban ta bolt 5 zuwa 6, a haɗe nagatif ɗinsu da na allon, a sa kafasita (ma'ajiyar caji mai daidaita wuta) mai maikurofarad 1000 dab da su. Rawar da ta rage bayan haka galibi ƙura ce a ƙarƙashin ƙwallon: a cire shi, a goge maɗauransa da busasshen ƙyalle.