Sauyin ingancin sauti a kayan sauti na gida

Sauyin ingancin sauti lamari ne da masu rediyo, amfilifaya da lasifika a gida suka daɗe suna lura da shi, inda kayan da suka ba da sauti garau jiya sai a ji su yau kamar an rufe musu baki, alhali ba a taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Binciken da aka gudanar tun daga ƙarshen ƙarni na 19 ya nuna cewa yawancin wannan sauyi yana fitowa ne daga kunnen mai sauraro, da ɗakin da yake ciki, da hayaniyar da ke kewaye da shi. Kayan da kansu su ne ɓangaren da ya fi tsayawa a kan hali ɗaya, sai dai a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Binciken ɗaki da amo

Wanda ya fara auna tasirin ɗaki a kan sauti da tsari na kimiyya shi ne Wallace Clement Sabine, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard da ke Amurka. A shekarar 1895 aka ɗora masa gyaran zauren lacca na gidan tarihi na Fogg, wanda kalma ɗaya ke ci gaba da amo a cikinsa sama da daƙiƙa biyar, har ɗalibai ba sa fahimtar abin da malami ke faɗa. Sabine da mataimakansa sun riƙa aiki da tsakar dare, lokacin da gari ya yi tsit, suna ɗauko matasan kujeru daga zauren Sanders da ke kusa, suna jera su, suna busa bututun kayan kiɗa, suna auna tsawon lokacin da sautin zai ɗauka kafin ya mutu, sannan su mayar da matasan kafin gari ya waye. Ya gano cewa jikin mutum guda yana shanye sauti kwatankwacin matasai shida, kuma an ruwaito cewa ya lura tufafin da ke jikinsa ma suna sauya sakamakon awon, har ya koma sa kaya iri ɗaya duk lokacin da zai yi gwaji. Wajen shekarar 1898 ya fitar da ƙa'idar da ke danganta daɗewar amo da girman ɗaki da yawan abubuwan da ke shanye sauti a cikinsa, kuma da ita aka tsara babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900.

Abin da Sabine ya auna a zaure yana faruwa a falo kullum. Labule a zuge ko a buɗe, taga a rufe ko a buɗe, darduma a shimfiɗe ko an fitar da ita shanya, mutum ɗaya a zaune ko baƙi sun cika kujeru, duk suna sauya yawan sautin da ke dawowa daga bango. Sauti mai kauri ya fi kowane ɓangare shan wannan tasiri, domin yana taruwa a wasu wurare na ɗaki, yana kuma ɓacewa a wasu. A ɗaki mai tsawon mita 5, irin wannan taruwa tana farawa ne a wajen hertz 34 (hertz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙaramin adadi yana nufin sauti mai kauri), sannan ta maimaitu a ninkinsa, don haka matsar da kujera da taku biyu kan isa a ji kaurin ganga ya ƙaru ko ya ragu.

Kunnen mai sauraro

A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na cibiyar binciken kamfanin Bell suka wallafa awon da ya nuna cewa kunne ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida. Ya fi kaifi a tsakanin hertz 2,000 zuwa 5,000, kuma idan aka rage ƙarar kiɗa, sauti mai kauri ne ke fara ɓacewa. Wasu masu bincike biyu, Robinson da Dadson, sun sake awon a Ingila a 1956, daga baya aka mayar da sakamakon ire-iren waɗannan bincike ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 226, wanda aka sabunta a 2003. Muhimmancin wannan ga mai sauraro a gida shi ne, kaɗan ne daga cikin mutane ke mayar da maɓallin ƙara daidai inda yake jiya, kuma bambancin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ɗaya ko biyu ba a cika jin sa a matsayin ƙarin ƙara ba, sai dai a ji kamar kiɗan ya fi cika da armashi.

Kunnen kansa ma ba ya kwana ya tashi a hali ɗaya. Wanda ya yini a kasuwa, ko a kan babur, ko kusa da injin niƙa, jinsa kan dushe na ɗan lokaci, musamman a ɓangaren sauti siriri, kuma yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, kafin ya dawo. Mura tana toshe siririyar hanyar da ta haɗa tsakiyar kunne da maƙogwaro, sai dodon kunne ya kasa motsi yadda ya saba. Taruwar dauɗar kunne, gajiya da rashin barci su ma suna da nasu rabon.

Akwai kuma hayaniyar gari, wadda sau da yawa ake mantawa da ita saboda sabo. Ƙarar fanka, firji, na'urar sanyaya ɗaki, janaretan maƙwabta da motocin titi suna rufe ƙananan sautukan da ke cikin kiɗa, kuma wannan shi ne bayani mafi ƙarfi game da abin da mutane da yawa ke faɗa cewa kayansu sun fi daɗin ji bayan dare ya raba.

Tunani da zato

Ƙwaƙwalwa tana riƙe ainihin kamannin sauti na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, don haka kwatanta sautin yau da na jiya kwatanta abin da ake ji ne da abin da ake tunawa. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman mai ƙera kayan sauti suka gabatar da gwajin da ya nuna cewa makin da masu sauraro ke bai wa lasifika yana sauyawa idan suna ganin girmanta, sunanta da tsadarta, kuma ƙwararru ma ba su tsira daga wannan ba. Wannan ba ya nufin mai ƙorafi ƙarya yake yi. Abin da ya ji ya ji shi, sai dai tushensa ba a cikin akwatin yake ba.

Wutar lantarki

Amfilifaya da dama, musamman tsofaffi masu babbar taransifoma, ƙarfinsu yana bin ƙarfin wutar da ke shigowa. Idan wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, iyakar ƙarfin da za su iya fitarwa kan ragu da kusan kashi 19, sai sauti ya fara tsagewa a matakin ƙarar da jiya ba ya yin haka. A Najeriya, inda ma'aunin wutar gida ya kamata ya zama bolt 230 a kan hertz 50, faɗuwar wuta da yamma da kuma sauyawa tsakanin wutar gwamnati, janareta da inbata sun sa wannan dalili ya fi nauyi fiye da yadda yake a ƙasashen da aka rubuta yawancin binciken. Ƙananan inbata masu araha kan shigar da wata ƙara mai kaifi cikin lasifika.

Yanayi

Gudun sauti a iska yana kai kimanin mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20 a ma'aunin Celsius, yana kuma ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kowane digiri, amma a cikin ɗaki tasirin wannan ƙanƙane ne. Busasshiyar iska irin ta hunturu ta fi shanye sauti siriri, sai dai hakan ya fi bayyana a fili ko a babban zaure. Lasifika mai faifan takarda tana shan laimar damina, robar gefenta kuma takan yi tauri da sanyi. Ƙurar da ke shiga maɓallin ƙara da bakin wayoyi tana haddasa ƙarar ƙas-ƙas ko raunin gefe ɗaya.

Tushen kiɗan

Manhajojin kiɗa na intanet da haɗin Bluetooth kan rage ingancin abin da suke turowa idan layi ya yi rauni.

Batutuwan da ake saɓani

An yarda cewa amfilifaya mai kwalaben wuta, irin na tsofaffin rediyo, tana buƙatar 'yan mintoci ta ɗumama. Iƙirarin cewa wayoyi masu tsada ko kunna sababbin kaya na ɗaruruwan sa'o'i suna gyara sauti yana da masu goyon baya a cikin masoya kayan kiɗa, amma gwaje-gwajen da ake ɓoye wa mai sauraro abin da ake kunna masa galibi ba su tabbatar da shi ba.