Launin fure ba ya faɗin asalin shuka

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, za ka ji mai sayar da furanni yana cewa da ganin launi ya san iri. Wannan kuskure ya daɗe, kuma yana cutar da mai saye. Dubi shukar nan mai fure da ake kira ƙariya: ka shuka ƙwayar mai jan fure, wata ta fito da ruwan hoda, musamman in haɗin iri ce. Rana da ruwa ma suna sauya kamannin ganye.

Asalin yana cikin ƙwayoyin gado, DNA. A 2009 masana suka zaɓi sassa biyu na DNA, masu suna rbcL da matK, don tantance jinsi daga ɗan guntun ganye. Sai dai a yawancin furanni daga uwa kaɗai ake gadon waɗannan, don haka gano uban haɗin iri sai an duba wani sashe kamar ITS, wanda ake gado daga uwa da uba.