Tuhume-tuhumen da aka rufe a kotunan Amurka: me alƙaluman ke nufi?

Akwai masu cewa an tara dubun-dubatar tuhume-tuhume a rufe a kotunan Amurka, wai don a kama manyan 'yan siyasa.

Mece ce tuhumar da aka rufe?

A kotunan tarayyar Amurka, kafin a gurfanar da mutum kan babban laifi, yawanci sai wani kwamiti na 'yan ƙasa 16 zuwa 23 ya saurari mai gabatar da ƙara a asirce. In mutum 12 suka yarda akwai hujja, sai a fitar da takardar tuhuma. Doka ta ba alƙali damar ɓoye takardar har a kama wanda ake nema, don kada ya ji ƙishin-ƙishin ya ari na kare. Haka aka yi wa Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa bayanan sirri na WikiLeaks: an tuhume shi a Maris 2018, ba a buɗe takardar ba sai ranar 11 ga Afrilu 2019, da aka fito da shi daga ofishin jakadancin Ekwado a Landan.

To daga ina zancen dubun-dubatar tuhume-tuhume ya fito?

Daga mabiya QAnon, wata tafiya ta masu yaɗa zargin maƙarƙashiya a intanet, da suka ɓulla a Oktoba 2017. Suna shiga PACER, rumbun bayanan kotunan tarayya a intanet, su bi kotunan gunduma 94 ɗaya bayan ɗaya, duk inda suka ga an rubuta "a rufe" su ƙirga. Jimillar tana ta hawa wata-wata, su kuma suna cewa shirin kame manyan 'yan siyasa ne a rana guda. Ranar ba ta zo ba.

Ina kuskuren ƙirgar?

Nan ne abin ya fi damuna, domin mutane masu niyyar gano gaskiya suna ɓata dare a kan lissafin da tun tushensa a karkace yake. Wanda ya buɗe fayil ɗin da aka rufe lamba kawai zai gani, babu suna, babu laifi. Lambar na iya zama izinin binciken gida, ko umarnin bin diddigin waya, ko shari'ar yaron da bai balaga ba. Wanda ya ga buhuna a ɗaure a sito, ya rantse duka gero ne, ai bai kwance bakin ko ɗaya ba.

Sannan akwai adadin da suke kwatantawa da shi don nuna jimillarsu ta wuce kima, wato 1,077. Ya fito ne daga binciken da Cibiyar Shari'a ta Tarayya ta wallafa a 2009 kan ƙararrakin 2006, kuma na ƙararrakin laifuka ne kaɗai da suka rage a rufe har lokacin binciken. A wannan rahoton dai, fayilolin ƙananan alƙalai da ke rufe sun haura 15,000, na sauran ƙananan buƙatu sun haura 8,000. Masu ƙirgar sun haɗa komai wuri guda a lissafinsu, suka auna shi da kaso ɗaya tak na 2006. Waɗanda aka buɗe daga baya ma sau da yawa ba a cire su daga jimillar.

Ke nan ba a san ainihin adadin ba?

Daga waje, ba mai iya sani. Sai an buɗe takarda ake ganin sunan da ke ciki, kamar yadda 'yan Najeriya suka wayi gari a Yulin 2021 da labarin tuhumar da wata kotun Los Angeles ta buɗe kan ɗan sanda Abba Kyari, zargin da ya musanta.