Ina ruwan ya tafi? Tambayoyi kan gwajin ƙafewar ruwa a aji

Wai me yaro zai koya daga kallon ruwa a faranti?

Abu mai yawa wallahi. Yaran Marwa ta Kamaru duk sun san kogin Mayo Kaliyawo na cika da damina, rani na yi ya koma yashi zalla, amma ka tambaye su ina ruwan sai su ce maka "ya ƙafe" shikenan. Abin da ake so su gano shi ne ba abu ɗaya ke tafiyar da ruwan ba, rana da iska da faɗin wurin duk da hannunsu a ciki, ka taɓa ɗaya lissafin ya canza. Wannan haɗuwar ita ce tsari, kuma yaro ya fi riƙe ta in da idonsa ya gani.

Kayan aiki fa, ba sai da kuɗi ba?

Ko sisi. Faranti biyu, kwalba ɗaya, leda da alli. A zuba kofi ɗaya ɗaya a kowanne, faranti ɗaya a rana ɗaya a inuwa, kullum da safe yara su sa alama inda ruwan ya tsaya. A watan Maris ko Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ba za a daɗe ba faranti zai bushe, kwalba kuwa da ruwanta saboda bakinta ƙarami ne.

In yaro ya ce rana ce ta shanye, in ce masa ba haka ba?

Don Allah malam kar ka yi saurin gyara masa, nan ne darasin yake. Tambaye shi, toh na inuwa wa ya rage shi? Sai ku rufe faranti da leda ku ɗaure, bayan ɗan lokaci zai ga ɗigo ɗigo a jikin ledar ta ciki, kaga ruwan bai ɓace ba, tashi ya yi ya shiga iska ba sai ya tafasa ba, da ya samu abin da ya tare shi ya koma ruwa. Ka tuna musu lokacin hunturu, ana sanyi amma shanya na bushewa nan da nan saboda iskar busasshiya ce. Ni a ganina yaron da ya kawo wannan da kansa ya fi wanda ya haddace zagayen ruwa, wato yadda yake tashi sama ya dawo ruwan sama, daga allo.

Ya za a kai su ga abin da ya fi faranti girma?

A riƙa ƙara ruwa cokali kaɗan a faranti kullum, su ga in mai fita ya fi mai shiga ruwa na raguwa. Tafkin Chadi kenan, kogin Shari da Logon ke kawo kusan kashi 90 na ruwansa, ba shi da hanyar fita zuwa teku, ga shi shimfiɗe ba zurfi. A shekarun 1960 ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya sa ya ja baya sosai. A jiƙa gishiri ma a bari ya bushe, farin da ya rage a faranti zai nuna musu yadda kanwa ke samuwa a yankin tafkin.

Aji mai cunkoso fa?

A raba su ƙungiya ƙungiya, kowacce da farantinta da takardar rubuta alama, ranar Juma'a a haɗa a kwatanta.